Ruwan da ke ƙin tafasa: kundin aikin kwalba a shagon Kawu, Garwa

11 ga Janairu, 2025

Ruwan ya iso jiya bayan la'asar. Daga Duwala ya taso, ya kwana a jirgin ƙasa tsakanin Yawunde da Ngaundere, sannan mota ta ƙaraso da shi Garwa cikin jakar wani abokin karatuna da ya zo ganin gida. Ragowar wani aiki ne da suka gama a can, bai cika lita ɗaya ba. Da na miƙa wa Kawu gorar sai hannunsa ya yi ƙasa, ya dube ni ya ce, "Kai, dalma suka narka maka a ciki?" Ban ga laifinsa ba. Lita ɗaya ta wannan ruwa ta kusa kilo 1.7, alhali a ido ba ka raba shi da ruwan famfo: garau, ba launi, ba wari.

Sunansa na kasuwa FC-72, ɗaya daga cikin ruwayen Fluorinert na kamfanin 3M. Kabon ne da fulorin zalla, kabon 6 da fulorin 14 a kowace ƙwaya. Yana tafasa a digiri 56, ba ya kama wuta, lantarki kuma ba ya bi ta cikinsa. Don yaran shago su yarda, na kunna ƙaramin ƙwan tocila da wayoyinsa tsirara na tsoma a murfin gora. Ya ci gaba da haske abinsa. Ba yau aka fara wannan ba: kwamfutar Cray-2 da aka fitar a Amurka a 1985, allunanta cikin irin wannan ruwa suke a nutse.

Abin da ya kai ni ga aikin yana jibge a kusurwar shago. Kawu mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, amma shekara biyun nan rabin abin da ake sauke masa inbatar sola ce. Ciwonsu ɗaya. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, Maris da Afrilu su zo da zafi sama da digiri 40, taransistoci, wato ƙananan sassan da ke sarrafa wutar a cikinta, su ƙone. Tambayata ita ce: idan aka nutsar da abin da ke zafin cikin ruwan da ke tafasa a 56, a akwati rufaffe da ƙura ba ta shiga, zafi nawa kowane murabba'in santimita zai iya zubarwa, kuma fuskar ƙarfen za ta tsaya a digiri nawa? Kafin in taɓa inbatar kowa, a kwalba zan fara.

19 ga Janairu

Haɗa kaya. Kwalbar gilashi mai faɗin baki. Guntun jan ƙarfe daga tsohon allon lantarki, wanda wani mai injin yankan ƙarfe a Yelwa ya gyara mini har fuskarsa ta sama ta zama santimita 1 kowane gefe. Daga ƙasa na cusa masa hitar ƙarfen like waya mai wat 40, na lulluɓe jikinsa da tefulon, wata roba mai jure zafi, fuskar nan kaɗai ke taɓa ruwa. A cikin murfi akwai naɗin bututun jan ƙarfe da Kawu ya zaro daga mataccen firji, shi ne kwandensa: tururi ya taso, ya taɓa bututu mai sanyi, ya koma ruwa ya ɗigo. Famfon wanke gilashin mota ke zagaya ruwan sanyi a ciki. Wutar daga batir nake ja, don kada ɗaukewar wutar gari ta ɓata mini gwaji ana tsakiyar yi.

Na huda ramuka uku a jikin ƙarfen, tazarar milimita 5, don wayoyin awon zafi. Niyyata in gane yawan zafin da ke hawa daga bambancin da ke tsakaninsu. Sai da na zauna da biro na ga wautar. Jan ƙarfe yana wuce da zafi da sauƙi ƙwarai, kusan wat 390 a kowace mita a kowane digiri. Ko da wat 10 ke bi ta murabba'in santimita, bambancin da za a gani a tsawon santimita guda bai wuce digiri 2.6 ba. Wayoyina kuwa, da na tsoma su tare a ruwan ƙanƙara, ɗaya ta ce 0.4, ɗaya 1.1, ɗaya ta ce ƙasa da sifiri. Kuskuren ma'auni ya kusa cinye abin da ake son aunawa. Don haka na sauya shawara: zan ninka bolt da amfiya in sami wat ɗin da ke shiga, in cire abin da ke sulalewa ta gefe da ƙasa, wanda zan kimanta ta hanyar kunna hitar kaɗan ba ruwa a kwalbar. Wayoyin na daidaita su a ƙanƙara da tafasasshen ruwa, kowace na rubuta mata gyaranta a jikin bango da alli.

26 ga Janairu

Kwana biyu na bar ruwan famfo a kwalbar, ko ɗigo babu. Na zubar, na shanya, na zuba FC-72. Washegari layin da na ja da maka ya tsaya sama, ruwa ya yi ƙasa da kusan faɗin yatsa, kuma ƙarƙashin tebur a bushe ƙayau. Ya fita ta inda wayoyi suka ratsa murfi da zaren dunƙulen ƙasa, ya bi iska.

Gwajin yoyo da ruwan famfo yaudara ce. Fatar ruwa tana da tsauri, ita ce ke sa ɗigo ya dunƙule a kan ganye. Ta FC-72 ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na wannan tsaurin ba, shi ya sa ramin da ruwa zai tsaya a bakinsa, shi shigewa yake. Ga saurin zama tururi: a digiri 25 matsin tururinsa ya kusa ninka na ruwa sau goma. Kawu ya karɓi aikin like da kansa, da zoben roba irin na bututun gas da gam ɗin Araldite. Yanzu kullum da yamma ina ɗora kwalbar a sikeli in rubuta nauyinta.

2 ga Fabrairu

Gwaji na farko da wuta. Tun fuskar ƙarfen ba ta wuce ma'aunin tafasa da wani abin kirki ba, 'yan kumfa suka fara tsirowa, ƙanana ƙwarai, kamar an watsa garin gero a ruwa. Na ƙara wuta, suka ƙaru. Komai lafiya lau. Na koma gida ina jin aikin nan wata guda zai ƙare.

A nan Garwa ba mu da tudu sosai, ruwan yana tafasa ƙasa da 56 da ɗan kaɗan. Da a Ngaundere nake, sama da mita 1,000 daga teku, da ya sauko wajen 52.

8 ga Fabrairu

Murnar makon jiya ta koma ciki.

Wannan ruwa mashayin iska ne. Lita ɗaya tana iya haɗiye kusan rabin lita na iska, alhali ruwan sha bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Kumfar da na gani ran nan, mafi yawanta iska ce ke fita da ta ji ɗumi. Don awo ya zama na gaskiya dole a kori iskar, saboda haka na tafasa ruwan da ƙarfi awa guda, kwandensa na mayar da tururi, iska na fita ta siririn bututun da na bari a sama. Na kashe, na jira komai ya lafa, na fara ƙara wuta kaɗan-kaɗan.

Fuskar ƙarfe ta kai 60, shiru. Ta kai 65, ta kai 70, shiru. Abin da ake gani kawai shi ne wani lauje-lauje mai ƙyalli yana tashi daga ƙarfen, irin wanda ke rawa a kan kwalta da tsakar rana, wato ruwa mai ɗumi yana hawa, mai sanyi na sauka. Ta kai 75. Na fara zargin waya ta kwance. Ƙaramin yaron shago ya manna hancinsa a gilashi ya ce, "Yaya, ko ruwan ya mutu ne?" A digiri 81, fiye da digiri 25 sama da inda ya kamata ya tafasa, sai muka ji ƙas, kamar an karya tsinke. Fuskar gaba ɗaya ta yi fari da kumfa a ƙiftawar ido, yaron ya ja da baya har ya ture kujera. Mitar awon zafi ta faɗo daga 81 zuwa 66 cikin daƙiƙu kaɗan, ba tare da na taɓa wutar ba. Duk wannan a kan wat ɗaya da ɗan ɗoriya.

Na rage wutar a hankali don in ga inda kumfar za ta ɗauke. Ba ta ɗauke a 81 ba, ba ta ɗauke a 66 ba. Ta ci gaba, tana raguwa gida-gida, har fuskar ta sauko kusan digiri 60 sannan gida na ƙarshe ya yi shiru. Ashe hanyar hawa daban, hanyar sauka daban. A wat ɗaya tak, ƙarfen yana iya zama a 80 ko a 65, ya danganta da inda ya fito.

15 ga Fabrairu

Mako guda ina juya abin a kai, kuma a nan ne na ga aikin ya fi daɗi.

Kumfa ba ta tsirowa haka kawai a tsakiyar ruwa. Tana buƙatar iri, kamar shuka: ɗan tururi ko iska da ya maƙale a wani rami ko tsaga a jikin ƙarfe. Fatar ruwa tana matse wannan ɗan iri, kuma iya ƙanƙantarsa iya ƙarfin matsewar. Kafin ya girma sai matsin da ke cikinsa ya rinjayi na waje, hakan kuma ba ya yiwuwa sai ruwan da ke kewaye da shi ya zarce ma'aunin tafasa. Na yi lissafin. Idan faɗin irin daga tsakiya zuwa baki maikiron 1 ne (silin gashin kai kusan maikiron 70 ne), ruwan sha yana buƙatar ƙarin digiri 33 kafin kumfar ta tashi. FC-72 kuwa bai kai digiri 5 ba, saboda laushin fatarsa da nauyin tururinsa.

To ga abin mamaki. Bisa wannan lissafi FC-72 ya kamata ya fi ruwa saurin tafasa nesa ba kusa ba. Amma butar shayin Kawu ba ta taɓa yin gardama ba, shi kuwa sai da ya kai ƙarin digiri 25.

Amsar tana cikin laushin fatar nan dai. Ruwan sha idan ya zo bakin rami yakan yi gada a kai, ya rufe iska a ciki, manyan ramuka su zama rumbun iri. FC-72 yana jiƙa ƙarfe sarai, ɗigonsa ba ya tsayawa a dunƙule, shimfiɗewa yake. Yana gangarawa cikin kowane rami har ƙasa ya kori abin da ke ciki. Manyan ramukan da za su tashi da ƙarin digiri 2 ko 3 duk sun cika da ruwa, sun mutu. Abin da ya rage sai 'yan mitsi-mitsin da bai iya kaiwa ƙarshensu ba. Idan na juya lissafin, ƙarin digiri 25 yana nufin iri mai kusan maikiron 0.2. Da ɗaya ya tashi kuwa, tururinsa yana bin fuskar yana cika ramukan maƙwabta, su ma su farka. Shi ya sa abin ke bazuwa kamar wutar daji, shi ya sa kuma a hanyar sauka ba sa saurin mutuwa, don kowace kumfa da ta tashi tana barin ɗan saura a ramin.

Na yi wa Kawu wannan bayani yana cin goro. Ya ce, "Wato halin da ya sa ya tsere mana ta murfi, shi ne ya hana shi tafasa." Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya ce, "To ai ka goge ƙarfen nan har kana ganin fuskarka a ciki. Wa ya aike ka?" Ba wanda ya aike ni. Kwana biyu na ɓata ina goge shi da man goge ƙarfe don ya yi kyau a hoto.

23 ga Fabrairu

Na maimaita hawan sau goma cikin kwana biyar. Ƙarin zafin da ake kaiwa kafin kumfar farko bai taɓa maimaita kansa ba: mafi ƙanƙanta 14, mafi girma 31. Abin da na lura da shi, idan na sake kunnawa minti goma bayan kashewa, da wuri yake tashi. Idan kwalbar ta kwana a sanyaye, da safe gardama ta fi tsanani, don tururin da ke ramuka ya koma ruwa cikin dare. Wannan ya dame ni, domin haka inbata take rayuwa: ta kwana ba nauyi, da safe a ɗora mata firiza da injin markaɗe a lokaci guda.

Da na ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya da waya, na kama wani abin kunya. A gwaji shida cikin goma, kumfar farko ba daga fuskar ƙarfen ta fito ba, daga gefe ta fito, inda gam ya haɗu da jan ƙarfe. Akwai siririyar tsaga a wurin da ido ba ya gani. Ke nan ƙananan lambobin nan labarin gam suke bayarwa. Na kankare, na sake zubawa, na bar shi ya bushe kwana biyu.

Kumfar kanta abin kallo ce. Ba ta kai milimita ɗaya ba take barin ƙarfe, saɓanin ta ruwa da ke kai milimita biyu zuwa uku.

9 ga Maris

Azumi ya kama, zafi ma ya kama. Da azahar ma'aunin shago yana wuce 40. Ruwan da ke zagaya kwandensa daga bokiti yake, kuma kafin la'asar ya yi ɗumi kamar na wanka. Tururi ya fara wuce bututun yana fita ta sama. Sikeli ya nuna na yi asarar giram 30 a yini ɗaya. Ƙanƙara kuwa a watan nan sai mai rabo, kafin ƙarfe huɗu masu shan ruwa sun kwashe, kuma ba zan iya tsayawa layi ina gaya wa mai azumi cewa kwalba zan shayar ba.

Goggo ce ta warware. Ta ce, "Ɗan nan, randa fa? Tun kafin a haifi firjin kawunka muke shan ruwan sanyi." Ta ba ni aron tsohuwar randarta. Na ajiye ta a inuwa inda iska ke bi, na naɗa mata jiƙaƙƙen buhu. Da yake iskar Maris a bushe take, ruwan ciki yana zama ƙasa da zafin shago da fiye da digiri goma. Na mayar da gwaji bayan tarawi.

22 ga Maris

Daren jiya na nemi iyaka.

Tun 1934 wani Bajapane, Shiro Nukiyama, ya nuna da waya mai zafi a cikin ruwa cewa tafasa tana da ƙololuwa. Kana ƙara wuta kumfa na ƙaruwa, fuskar na ƙara zafi kaɗan kawai, har a kai inda tururin da ke fita ya tare wa ruwan da ke son komowa hanya. Daga nan sai mayafin tururi ya rufe ƙarfen, tururi kuwa ba ya wuce da zafi, sai ƙarfen ya haukace. Duk mai soya masa ta san ɗan'uwan wannan abu. Idan Goggo ta yayyafa ruwa a tanda mai ɗumi, caa yake yi ya bushe nan take. Idan tandar ta yi zafi ƙwarai, ɗigon dunƙulewa yake yana yawo a kan tururin kansa, ya daɗe bai ƙare ba. Likitan Jamus Leidenfrost ya rubuta wannan tun 1756.

Na yi amfani da lissafin ƙololuwar da wani mai bincike, Zuber, ya fitar a 1959, wanda ke haɗa zafin da ruwa ke sha kafin ya zama tururi, da nauyin ruwan da na tururin, da tsaurin fata. Ga ruwan sha yana ba da kusan wat 110 a murabba'in santimita. Ga FC-72, wajen 14. Babban dalilin shi ne kilo ɗaya na ruwa yana shan kilojul 2,257 na zafi kafin ya zama tururi, na FC-72 kuwa wajen 88 kacal. Wannan ita ce kuɗin da ake biya don samun ruwan da lantarki ba ya bi.

Kafin in fara, Kawu ya ɗaura wa ƙarfen abin yanke wuta na dutsen guga, muka saita shi ya katse wajen 120. Wannan ba wasa ba ne. Ruwan ba shi da illa a yadda yake, amma idan ya taɓa abin da ya wuce digiri 200 yana iya rushewa ya fitar da iska mai guba. Ƙofa da taga a buɗe muka bar su, yara kuma na sallame su.

Daga wat 5 kumfa ɗaiɗai suka fara haɗewa suna zama ginshiƙai. A wat 10 fuskar tana digiri 77, ƙarar kamar ana soya ƙosai a ɗaki na uku. A 13 sai manyan dunƙulen tururi ke tashi, kwalbar na ɗan rawa a tebur. Ina ƙara rubu'in wat ina jira minti uku. Wajen 15 da rabi, bayan cire asarar gefe, ƙarar ta canza, ta yi laushi, fuskar ta yi ƙyalli kamar an shafa mata azurfa. Mita ta tashi daga 85 ta wuce 100, ta wuce 115, na ji ƙat, wuta ta yanke. Ko daƙiƙa goma ba a yi ba.

Lambar ta ɗan fi ta Zuber, kuma ban yi mamaki ba. Lissafinsa na fili mai faɗi ne. Tazarar da ke tsakanin ginshiƙan tururi a wannan ruwa kusan milimita 8 ce, fuskata kuwa milimita 10, don haka ruwa yana samun shigowa ta gefe. Ba zan ɗauki 15 in yi alkawari da ita a kan faranti babba ba.

6 ga Afrilu

An sha sallah lafiya. Na koma kan maganar Kawu, na ɓata gogen da na sha wahala a kansa. Takarda mai yashi lamba 400 tukuna, sannan lamba 120, a gicciye.

A wat 10 fuskar da ke 77 ta sauko 70. Gidajen kumfa sun ninka, ana gani da ido. Amma gardamar farko ba ta tafi ba, raguwa kawai ta yi: bayan kwana a sanyaye har yanzu ina ganin ƙarin digiri 15 zuwa 20. Na gane dalili. Karcen yashi kwari ne buɗaɗɗe, ruwan yana bin sa kamar lambatu ya cika. Abin da ake nema rami ne mai ƙaramin baki da faɗin ciki, irin tulu, ko ramuka masu haɗe da juna ta ƙarƙashi, inda tururi zai ɓuya.

A shekarun 1990 masu bincike a jami'ar Texas da ke Arlington sun yi wannan da fenti: garin ƙarfe mai laushi, gam kaɗan, da abin tsinkawa mai bushewa. Idan ya bushe sai ya bar soso siriri mai ramuka birjik. Sun ga kumfa na tashi da ƙarin zafin da bai kai digiri 10 ba, ƙololuwar kuma ta ɗaga sosai. Na sayi garin alminiyam wajen masu fentin mota, na kwaɓa.

Shafin farko ya yi kauri. Kumfa ta tashi da wuri, amma daga wat 6 fuskar ta fi ta da zafi, don gam bargo ne. Na kankare. Na biyu na tsinka shi sosai na ɗiga da sirinji, ɗigo biyu, na bar shi ya baje da kansa.

13 ga Afrilu

Shafi na biyu: hawa biyar, duk bayan kwana a sanyaye, kumfar farko tsakanin ƙarin digiri 6 da 9. Babu ƙas, babu faɗuwar mita, a hankali take farawa kamar yayyafi. A wat 10 fuskar tana 65. Na kai 21 ban ga mayafi ba, na tsaya don hitar ta fara wari.

Wata kusurwa ta fentin ta ɗan ɗago. Ina sa mata ido.

4 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, zafi ya ɗan sassauta. Fentin ya yi awa 60 yana tafasa, kusurwar ba ta ƙara ɗagowa ba.

Jiya muka zauna da Kawu da wata inbata a buɗe. Bayan taransisto irin nata bai wuce murabba'in santimita uku da ɗan abu ba. Idan yana zubar da wat 25, ke nan wajen 8 a kowane murabba'i, fiye da rabin iyakar fuska mai santsi. Ya yi kusa da yawa. Sai an manna shi a farantin jan ƙarfe mai faɗi, a yi wa farantin fentin.

Kawu ya kawo abin da ban so ji ba. Ya ce, "Zafin da ka kwashe, ina za ka kai shi? Randa za ka bi kowane gida da ita?" Tururi yana 56, iskar Afrilu tana 43, tazarar digiri 13 ce kawai za ta tura zafin waje. Dole bayan akwatin ya zama fiffike babba, wato faffaɗan ƙarfe da zai zubar da zafin a iska. Idan bai isa ba matsi zai hau a ciki, ma'aunin tafasa ya bi shi. Sannan ya ƙara da abin da ya sani daga firji: iska idan ta shiga layi, a kwandensa take taruwa ta hana tururi taɓa bututu, shi ya sa ba ya zuba gas sai ya zuƙe layin da injin. Ke nan iskar da ta sa ruwana ya tafasa cikin sauƙi ran 2 ga Fabrairu, ita ce za ta shaƙe kwandensa a akwati rufaffe. Idan na kore ta, sai fentin kaɗai zan dogara da shi.

Akwai kuma maganar ruwan kansa. A Disamban 2022 kamfanin 3M ya sanar cewa zai daina ƙera wannan dangin sinadarai kafin ƙarshen 2025. Ba shi da kulorin, don haka ba ya cin rufin ozon kamar R-12, gas ɗin firji da Kawu ya fara sana'a da shi kafin yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar da shi. Amma abin da ya tsere sama yana zama fiye da shekara 3,000, yana riƙe zafi sau dubbai fiye da hayaƙin kabon. Bisa littafin sikeli, na saki giram 210 tun Janairu. Ba na jin daɗin lambar nan, kuma ta sa na daina tunanin cika akwati da ruwa. Ɗan kaɗan a ƙaramin gwangwani da aka like da walda, manne a bayan taransistocin, ya fi kama hankali.

Abin da ya rage a gora ya kai giram 900. Kawu ya yanko bututun jan ƙarfe mai faɗi, ya ce ran Asabar zai like gindin ya sa bawul irin na firji don mu zuƙe iskar. Ni kuma zan shafa fentin a ciki tun yau don ya bushe, in nemo ma'aunin matsi da ke karanta ƙasa da matsin iska, domin na shagon daga sifiri yake farawa.